Gidan Mambayya: Abin da Mai Ziyara Zai Samu a Gidan Malam Aminu Kano

Mafi yawan mutanen da suke shiga Gidan Mambayya da ke unguwar Gwammaja a Kano taro ne yake kai su, ko lacca, ko bita, ko ƙaddamar da littafi a babban ɗakin taro na Sa'adu Zungur, kuma da zarar an shafa fatiha sai kowa ya nufi motarsa ba tare da ya leƙa ɓangaren da ya fi komai daraja a harabar ba. Wannan ɓangare shi ne ainihin gidan da Malam Aminu Kano ya zauna da iyalinsa a ƙarshen rayuwarsa, inda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kuma inda kabarinsa yake. A kan ziyarar wannan ɓangare nake son yin bayani, domin a ganina yana cikin wurare ƙalilan a Arewa da mutum zai tsaya da ƙafarsa ya ga yadda ɗan siyasar wancan zamani yake kwana, yake tashi, yake karɓar baƙi, ba abin da ya faɗa a kan dandamali kaɗai ba.

Wurin ba shi da wuyar samu, domin yana yankin Ƙaramar Hukumar Dala, ta wajen hanyar Ƙofar Ruwa, ba nisa da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma duk mai adaidaita sahun da aka ce wa Mambayya ya san inda zai nufa. Sunan kuwa laƙabin mahaifiyar Malam ne. Yau gidan yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya mai ɗauke da sunan Malam, kuma Farfesa Attahiru Jega ya shugabance ta daga 2000 zuwa 2004, tun kafin ya zama shugaban jami'ar sannan shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa. An yi gine-ginen zamani a harabar, na ofisoshi da taro da saukar baƙi, amma an bar gidan Malam a inda yake, kuma wannan shawara ta barin sa ita ce abu na farko da ya cancanci yabo, ganin yadda muka saba rushe tsohon gini da zarar mai shi ya kwanta dama.

Ma'aikatan da muka tarar sun karɓe mu da mutunci, kuma wanda ya zagaya da mu bai yi gaggawa ba, ya bar dattijon da muka je tare da shi ya tsaya inda yake son tsayawa. Abin da ya fara kama idon mai ziyara shi ne ƙanƙantar wurin idan aka auna shi da girman sunan mai shi. Mutumin da ya wakilci Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai bayan zaɓen 1959, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na sadarwa daga 1967 sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 har ya samu kusan kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasar nan, ɗakunan da ya rayu a cikinsu ba su wuce na malamin makaranta mai rufin asiri ba. Kayansa da aka adana da littattafansa da hotunan da ke nuna shi cikin farar riga da jar hula duk magana ɗaya suke yi, wato cewa mai gidan bai ɗauki mulki a matsayin hanyar tara abin duniya ba. An daɗe ana ruwaito cewa abin da ya bari bai wuce wannan gida da gona da 'yan kuɗi kaɗan a banki ba, kuma wanda ya shiga ɗakunan ba zai ji wuyar gaskata hakan ba. Har ma a zaɓen 1979 sai da hukumar zaɓe ta lokacin ta nemi hana shi takara a kan batun takardar biyan haraji, kotu ce ta share masa hanya.

Sai dai ba na son mai ziyara ya tsaya a kan ƙarancin kaya kawai, domin wannan yabo an yi shi har ya zama waƙa a bakin waɗanda ba su da niyyar koyi da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin zaman, yadda tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da makwancin mai gida take 'yar kaɗan ce, ta yadda da wuya a ce ga inda siyasa ta ƙare ga inda iyali suka fara. Dattijon da muka je tare, wanda ya yi PRP, jam'iyyar Malam ta Jamhuriya ta Biyu, da ƙuruciyarsa, ya bayyana mana yadda yini yake tafiya a irin wannan gida, kuma bayaninsa ya dace da abin da duk wanda ya tashi a gidan mai jama'a a Kano ya sani. Tun bayan sallar asuba ake fara sallama. Wani ya taso daga ƙauye da ƙorafin an ƙwace masa gona, wani ɗansa ne aka kama yana neman wanda zai tsaya masa a yi beli, wata matar kuɗin magani ne ya kawo ta, ga ɗalibi mai neman takardar shaida, ga ɗan jarida, ga 'yan jam'iyya daga wata jiha da suka kwana a hanya. Babu wanda zai ce musu su koma sai an ba su rana, kuma idan lokacin cin abinci ya riske su a wurin, to da su za a ci, domin a al'adarmu ba a sauke tukunya a bar baƙo yana kallo.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa tana da tushe a tarihin gwagwarmayar da Malam ya fito daga cikinta, kuma ya kamata mai ziyara ya riƙe tarihin a ransa kafin ya shiga. An haifi Malam a 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai na zuriyar Gyanawa, kuma a wajen mahaifiyarsa da kakarsa ya fara karatun Alƙur'ani. Bayan Kwalejin Kaduna ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, inda ya yi zama da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya je karatu Landan a 1946, aka tura shi Maru, sannan ya ajiye aikin gwamnati a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU ranar 8 ga Agusta. Ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. A wancan zamani ɗan NEPU a ƙasar En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, yana iya rasa rumfarsa a kasuwa, ko a ninka masa haraji, ko 'yan doka su kai shi gaban alƙali a yi masa bulala a ɗaure shi saboda ya yi taro ba izini, ga kuma barazanar 'yan Mahaukata, gungun 'yan daba masu farautar 'yan NEPU, a kan titi. Mutumin da hukuma ta juya wa baya ba shi da ofishin da zai kai kukansa sai gidan shugabansa, don haka gidan ya zama mafaka da masauki da wurin shawara a lokaci guda. Yawancin wannan ya faru ne tun Malam yana cikin gari, kafin zaman Gwammaja, amma ɗabi'ar ta biyo shi, kuma a wannan gida aka ga cikarta a zamanin PRP, daga 1978 har zuwa rasuwarsa.

A nan ne aka yi murnar 1979, lokacin da jam'iyyar mai alamar mabuɗi ta ci Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Abdulƙadir Balarabe Musa, aka kuma soke haraji da jangali waɗanda aka shekara kusan talatin ana yaƙi da su tun zamanin NEPU. A nan kuma aka sha ɗacin rabuwar PRP gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, lokacin da mutanen da suka saba zama a kan tabarma ɗaya suka daina gaisawa. Dattijon namu ya daɗe shiru a lokacin da zance ya zo nan, sannan ya ce abin da ya fi ciwo a rikicin shi ne ya shiga har cikin gidaje, wa da ƙane suka rabu, surukai suka daina ziyartar juna. Irin wannan bayani shi ne dalilin da ya sa nake ba da shawarar kada a je ziyarar sai da wani babba da ya ga zamanin, idan da hali, domin shi zai cika ɗakunan da mutanen da suka taɓa cika su.

Haka nan bai kamata a manta cewa gidan malami ne ba. Malam ya yi tafsirin Alƙur'ani a watan azumi, wanda har yau ana sauraron abin da aka naɗa daga cikinsa, kuma yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar Islamiyya ta zamani a Kano, inda yara maza da mata suke karatu a aji. Wanda ya ga littattafansa zai fahimci cewa hujjojin da yake kafawa a kan zalunci daga karatu suka fito, na Larabci da na boko.

Akwai wani ɓangare na rayuwar irin wannan gida da babu gidan tarihin da zai iya ajiye shi a bayan gilashi, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, wato aikin matan gida. Duk baƙon da ya ci tuwo a waje, akwai wadda ta surfa, ta kai niƙa, ta hura wuta, ta tuƙa, ta kwashe a langa, ta kuma wanke kwanukan bayan an watse, sau da yawa ba tare da ta san adadin bakin da za ta ciyar ba sai an aiko yaro ya ce a ƙaro. Matar ɗan adawa a zamanin En'e takan kwana ba ta san ko mijinta zai dawo gida ko gidan yari zai kwana ba, takan jure gorin dangi da maƙwabta, takan sayar da abin hannunta idan cefane ya gagara, kuma idan matan jam'iyya sun zo daga nesa a ɗakinta suke sauka. Tarihi ya riƙe sunan Hajiya Gambo Sawaba saboda ta hau dandamali an ɗaure ta sau da dama, kuma ta cancanci hakan, amma ɗaruruwan matan da suka riƙe gidajen 'yan NEPU ba su da hoto a bangon kowa. Wannan ya fi nauyi idan aka tuna cewa mai wannan gida yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan 'yancin mata a lokacin da matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, kuma har mace ya zaɓa, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar 1983 da ajali bai bar shi ya kai ba. Fatana shi ne masu bincike da ɗaliban tarihi su yi amfani da wannan cibiya wajen naɗar muryoyin tsofaffin matan da suka rage, na Gwammaja da Sudawa da Fagge da sauran unguwanni, su faɗi da bakinsu nawa ake aunawa a rana, wa yake kawo gudummawar hatsi, yaya ake yi ranar da aka kama mai gida, tun da sauran lokaci.

Kabarin yana cikin harabar, kuma a nan ya kamata mai ziyara ya tuna cewa ba wurin yawon buɗe ido kawai ya zo ba. A rage murya, a yi wa mamaci addu'a, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto a ko'ina cikin gidan. Na ga amfanin kai yara, musamman 'yan sakandare waɗanda suka san sunan Malam a jikin filin jirgin sama da asibitin koyarwa amma ba su san ko wane ne shi ba, sai dai a shirya su tun daga gida da ɗan tarihin NEPU da PRP, domin yaron da bai san komai ba ɗaki da gado kawai zai gani ya fito.

Hukuncina shi ne ziyarar ta cancanci lokacin da za a ba ta, har ga wanda zai taso daga Zariya ko Katsina ko Maraɗi saboda ita kaɗai. Wanda yake son natsuwa ya zaɓi ranar aiki da safe wadda babu babban taro a cikinta, domin ranakun taro harabar takan cika da motoci da jama'a, ma'aikata kuma hankalinsu yakan rabu. Makaranta ko ƙungiyar da za ta je da mutane da yawa ta fara tuntuɓar ofishin cibiyar a tsayar da rana, kasancewar wurin aiki ne na jami'a. Wanda kuma yake son haɗuwa da tsofaffin 'yan gwagwarmaya ya yi musu tambayoyi, to ya nufi wurin a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ake taron tunawa da Malam na shekara-shekara, domin a ranar ne waɗanda suka rage daga cikinsu suke hallara.