Robocopy ko rsync? Amsa ga mai studiyon hoto na Terminus

Salam jama'a. Ɗan'uwanmu mai studiyon hoto a Terminus ya tambaya jiya, hotunan biki sun cika masa laftof, kullum da daddare sai ya ja folda da linzami zuwa had disk na waje, kwamfuta ta yi ta tambayarsa a maye gurbi ko a tsallake, wani ya ce masa ya koyi rsync wani kuma ya ce robocopy, duk biyun manhajojin kwafar fayiloli ne da ake rubuta wa umarni, wanne zai kama?

Malam, in dai Windows ce a laftof ɗin nan kuma had disk ɗin da waya kake jona shi, to robocopy ya ishe ka, kar ka wahalar da kanka. Yana cikin Windows tun zamanin Vista, ba abin da za ka sauke, CMD (tagar rubuta umarni ta Windows) kawai za ka buɗe ka rubuta wannan, inda D:\Hotuna ke matsayin foldar laftof, E: kuma had disk:

robocopy D:\Hotuna E:\Ajiya\Hotuna /E /R:2 /W:5

Zai duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi, wanda bai canza ba ya wuce shi, sababbi kaɗai zai kwasa. Wannan /R:2 /W:5 kuwa (wato ya sake gwadawa sau 2, yana jiran daƙiƙa 5) don Allah kar ka manta da su, domin in ka bar shi yadda ya zo, ya ci karo da fayil ɗaya da Photoshop ya riƙe, zai yi ta sake gwadawa har sau miliyan ɗaya yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, kai kana can kana barci ka ɗauka aiki na tafiya. In bidiyo ne manya ƙara /Z, ko an ɗauke wuta ko waya ta fita zai ci gaba daga inda ya tsaya, amma fa yana rage gudu.

Shi rsync, Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fito da shi a 1996, kuma abin da ya sa ake kambama shi, in fayil ya canza ba ya tura shi duka, ɓangaren da ya canza kaɗai yake turawa. Sai dai ga abin da masu yabonsa ba su cika faɗa ba: wannan dabarar ta aiki ce tsakanin kwamfuta biyu ta netwok, in kuwa daga laftof ne zuwa had disk da ke jone a jikinta, shi ma fayil ɗin gaba ɗaya yake kwafa. Ka ga kenan babu ribar da za ka ci in ka je ka girka WSL, wato Linux a cikin Windows, don shi kawai, hotunan biki ma ai ba canzawa suke ba, ƙaruwa suke. A Linux da Mac kam nan ne gidansa:

rsync -rtP ~/Hotuna/ /Volumes/Ajiya/Hotuna/

Lura da karan nan / na ƙarshen Hotuna ta farko. Da shi, abin da ke cikin foldar ake kwasa, babu shi foldar kanta za a ɗauka, ka wayi gari da Hotuna a cikin Hotuna.

Inda su biyun suka haɗu wajen haɗari shi ne /MIR a robocopy da --delete a rsync. Duk wanda ka sa, had disk zai koma daidai da laftof, wato in ka goge hotunan wata amarya don samun fili, can ma za a goge su, kuma ba za ka same su a Recycle Bin ba. Kai da matsalarka cikar laftof ce, wannan ba naka ba ne sam. In ma dole ce ta sa, fara gwajin banza tukuna, /L a robocopy, -n a rsync, su jero maka abin da za su yi ba tare da sun taɓa komai ba.

Google Drive kuma ba aikin ko ɗayansu ba ne, wata manhajar kwafa mai suna rclone ake nema, yana aiki a Windows da Mac da Linux. Can ma rclone copy za ka yi, sync yana gogewa. Amma 15GB na kyauta bikin mutum nawa zai ɗauka, ga kuɗin data.

Ka duba mana tsarin had disk ɗin naka ma, danna dama a kansa ka shiga Properties. In FAT32 ne ba zai karɓi fayil da ya kai 4GB ba, in NTFS ne Mac za ta karanta amma ba za ta rubuta ba, exFAT ne ke tafiya da su duka. Kar ka yi masa fomat kafin ka kwashe abin da ke ciki, faɗa mana wanda ka gani tukun.