Cinikin zoben aure a Ayilan, ga 'yan gida masu tambaya

Tun da labarin baikon ƙanena ya iso gida, tambayar da ta fi yawa a waya ita ce zoben giram nawa ne, kuma karat nawa. A wurinmu tambaya ce mai ma'ana, amma a nan ƙasar Ayilan (Ireland) ba a kan nauyi ake yanka wa zobe kuɗi ba. Yarinyar da zai aura 'yar birnin Galway ce, Katolika kamar mu, kuma ta ce zoben gargajiyar garinsu take so. Ni na raka su shaguna, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake.

Zoben sunansa Claddagh, sunan wata tsohuwar unguwar masunta da ke bakin kogin Corrib, daidai inda yake faɗawa teku a Galway. Hannaye biyu ne suka riƙe zuciya, a samanta an ɗora kambi. Hannayen na nufin abota, zuciyar ƙauna, kambin kuma amana. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne wani Richard Joyce ne ya fara ƙera shi, bayan 'yan fashin teku sun kama shi sun sayar wa wani maƙerin zinare a Aljeriya, ya koyi sana'ar a hannunsa, aka sako shi a 1689 ya dawo gida. A matsayin labarin kaka da kakanni ake faɗarsa, amma zoben kansa ya haura shekara 300 a yatsun mutane. Akwai shagon Thomas Dillon da aka kafa tun 1750, yana nan a titin Quay, har da ɗan ɗaki da suka jera tsofaffin zobba don masu kallo.

Yadda aka sa shi ma magana ce. A hannun dama, idan tsinin zuciyar na kallon farce, mai shi ba ta da kowa, idan ya juyo ciki akwai mai nema. A hannun hagu, tsini waje baiko ne, tsini ciki an ɗaura. Tsofaffin matan nan suna duba wannan kafin su gama gaisawa da yarinya.

To sai gwal ɗin kansa, kuma nan ne na daɗe ina juya abin a raina. A Sabon Gari ta Kano ko babbar kasuwar Kaduna, mace za ta shiga wurin 'yan gwal, a ɗora a sikeli, a faɗi kuɗin giram na ranar, a ƙara ladan aiki, a yi ciniki. Karat 21 ko 22 na Dubai ko Saudiyya shi ne mai daraja, 18 ma wasu na yatsina masa fuska. Gwal a wurinmu ajiya ce, ranar da ta ɓaci a kai shi kasuwa a biya kuɗin makaranta ko na asibiti. A nan kuwa karat 9 ya cika shaguna, sai 14 da 18. Karat 9 kashi 375 ne kacal cikin 1,000 zinare, sauran gaurayen wasu ƙarafa ne, shi ya sa launinsa ya yi fari-fari, ba ya da jan nan da idonmu ya saba da shi. Abin da ake biya shi ne aikin hannu da zane da hayar shago, ga harajin kashi 23 cikin 100 a cikin farashin. Wanda ya saya yau ya mayar gobe a matsayin gwal, zai sha mamakin abin da za a miƙo masa. Na gaya wa ƙanena kai tsaye kada ya ɗauki wannan zobe a matsayin jari.

Amma akwai abin da suka fi mu, kuma ina fata da muna da irinsa. A cikin fadar Dublin akwai ofishin gwajin zinare da azurfa da aka kafa tun 1637, yana aiki har yau. Maƙeri zai aika kayansa can, a gwada, a buga hatimi. Wata mai shago ta miƙo mini ɗan madubin ƙara girma ta ce in leƙa cikin zoben. Sai ga ƙananan tambari a jere, kowanne bai kai ƙwayar gero ba: haruffan sunan maƙerin, hoton wata mace a zaune wadda ita ce alamar ofishin, sai lamba 585, wato karat 14. Da 18 ne, 750 za a gani, azurfa kuma 925. A gida, amanar tana ga mutum, sai ka san mai gwal ɗin ko ka je da wanda ya san shi, a goga a dutse a ɗiga ruwan gwaji. A nan baƙon da bai san kowa ba ma zai saya hankalinsa kwance. Sai dai hatimin ingancin ƙarfe yake shaidawa, don haka mai son wanda aka ƙera a ƙasar sai ya buɗe baki ya tambaya. A wani shagon tsarabar 'yan yawon buɗe ido an nuna mana Claddagh mai sheƙi da arha, na juya cikinsa babu lamba ko ɗaya, wankin gwal ne kawai aka yi masa.

Ciniki kusan babu, farashin da ke jiki shi ne. A madadin haka ana ba da rasit, kuma doka ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi. Wanda ya saya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa, amma da zarar an zana suna ko kwanan wata a ciki, wannan dama ta tafi. Awon yatsa da haruffa suke yi, na Amurka kuma da lambobi, mai oda daga nesa ya kula.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mana sai a gaban teburin maƙeri: idan zoben baiko Claddagh ne, tsinin zuciya da kambin suna fitowa gefe, miƙaƙƙen zoben aure ba zai kwanta a jikinsa ba, sai a bar giɓi. Dole a yi wanda aka lanƙwasa daidai da shi, shi ya sa ya fi kyau a zaɓi biyun tare. Ƙanena shi kuma ya so mai saƙar nan ta Keltik, wato zanen gargajiyar mutanen ƙasar, igiya mai shiga da fita ba farko ba ƙarshe, irin zanen da ke cikin Littafin Kells, wani tsohon littafin Linjila na wajen shekara ta 800, da ƙulli mai kusurwa uku da Kiristocin nan ke ɗauka alamar Triniti Mai Tsarki. Kyau kam yana da shi, amma idan saƙar ta zagaye zoben gaba ɗaya, ƙara shi ko rage shi sai an ɓata zanen. Mutumin da tuwo ke karɓarsa kamar ƙanena, na ce ya ɗauki wanda aka bar wa fili a baya. Ya ji shawara, ya ɗauki na karat 14.

Ga masu tambaya ko coci ta yarda da irin wannan zobe, Fada, wato limamin cocinmu, ya ce ba ruwan coci da siffarsa ko tsadarsa. Yardar da ango da amarya suka furta a gaban Fada da shaidu biyu ita ce ke ƙulla aure, zoben albarka ake sa masa a matsayin alama. A nan ma akwai al'adar ango ya miƙa wa amarya tsabar kuɗi ta azurfa ko zinare bayan zoben, alamar duk abin da ya mallaka nasu ne tare. Mu da Fadocin ƙungiyar mishan ta SMA 'yan ƙasar nan suka yi wa iyayenmu baftisma a Kaduna, yawancin tsarin ba baƙo ba ne a gare mu.

Abin da ya fi zoben ɗaukar lokaci takardu ne. Hukuma na son sanarwar wata 3 kafin ranar, da kuɗin rajista yuro 200, coci ma ba ta karɓar ƙasa da wata 3, kuma sai sun halarci darasin shirin aure. Daga gida ana buƙatar takardar baftisma da ta konfameshon da wasiƙar da ke shaida bai taɓa aure ba. Tsohon katin da ke cikin akwatin Mama ba zai yi ba, sabuwar takarda ake so wadda ba ta wuce wata 6 da fitarwa ba. Yaya, don Allah kada a karɓo ta yanzu ta tsufa kafin lokaci. Da zarar an tsayar da rana zan kira, sai a je cocin da aka yi masa baftisma, a tabbata Fada ya sa hannu ya buga hatimin coci kafin a aiko.