Pulseq na MATLAB ko PyPulseq, wanne zan kama?

Ɗan'uwanmu na Gusau da ya tambaya jiya, wai yana son rubuta sikwens na MRI, wato jerin umarnin da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta asibiti ke bi, don furojet ɗinshi amma bai san wanne zai koya ba tsakanin Pulseq da PyPulseq, ga abin da na sani.

Su biyun abu guda suke haifarwa, fayil mai ƙarewa da .seq, rubutu ne zalla da ke gaya ma na'ura yaushe za ta saki bugun RF, wato igiyar rediyo, yaushe giradiyan, wato maganaɗisun da ƙarfinshi ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, zai tashi, yaushe za ta saurari sigina. Pulseq na asali daga asibitin jami'ar Freiburg ta Jamus ya fito, su Kelvin Layton da Maxim Zaitsev suka buga takardarshi a 2017, da MATLAB ake rubuta shi. PyPulseq kuwa 'yan jami'ar Columbia ta Amurka suka maida shi Python a 2019. Har sunayen umarnin kusan ɗaya ne, can ka rubuta makeSincPulse da addBlock, nan make_sinc_pulse da add_block, wanda ya iya ɗaya kwana kaɗan zai kama ɗayan.

Inda suka rabu shi ne aljihu. MATLAB lasisi gare shi da dala, kuma wanga na sata da ake yawo da shi a filasha kar ka ɗora aikin da kake son bugawa a kanshi. Python kyauta ne, ka buɗe Google Colab, shafin da ake gudanar da Python a intanet, ka sa pip install pypulseq shi kenan, ko kwamfutarka mai rauni ce aikin a can sama yake gudana, data kawai zai ci. Amma gaskiya sabbin abubuwa da misalai masu yawa a na MATLAB suke fara fitowa, na Python daga baya yake biyowa. Ni dai a halinmu na nan Python zan ce ka ɗauka.

Sai dai malam fayil ɗin ba ya hawa na'ura haka nan, sai an sa mata manhajar da ke fassara shi, a na'urar kamfanin Siemens sai cibiya tana da yarjejeniyar bincike da kamfanin, ta kamfanin GE kuma Jon-Fredrik Nielsen na Michigan ya yi ta aiki a kai. Ko ma'aunin lokacinsu ya bambanta, giradiyan na Siemens na tafiya ne a takun mikrosakan 10, na GE a 4, in lokutan da ka sa ba su dace da takun da ka saita ba check_timing, umarnin da ke duba lokutan, zai yi ta kuka. Kuma ba asibitin da zai bar ɗalibi ya taɓa na'urar da marasa lafiya ke layi a kanta.

Don haka ka haɗa da KomaMRI, kyauta ne, da yaren kwamfuta na Julia aka rubuta shi, yana karanta .seq ya kwaikwayi siginar da na'ura za ta bayar. Ka fara da sikwens ɗin giradiyan eko mai sauƙi, ka riƙa sauya TE (lokaci daga bugun RF zuwa sauraron sigina) da TR (tazarar maimaita bugun) kana kallon yadda hoton ke canzawa, wannan kaɗai ya isa babi guda. In ka makale turo kod ɗin nan guruf mu duba tare.