Keke Napep ko motar manhaja: wanne ya fi riƙe mai shi a Kaduna?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya kawo tambaya. Ya tara 'yan kuɗi, yana shawarar ko ya sayi sabon Keke Napep ya riƙa ja da kansa, ko kuma ya ciwo bashi ya ɗora a kai ya sayi Corolla 'yar Kwatano ya yi rajista da Bolt, manhajar kiran motar haya ta waya. An gaya masa aikin mota ya fi mutunci, kuma waya ce ke kawo fasinja, ba sai mutum ya wuni a rana yana kiran Kawo ko Kasuwa ba.

Malam, idan sai ka ci bashi kafin ka hau motar, keke ya fi maka. Ga dalilai, kuma babban cikinsu bai shafi ƙarfe ba, ya shafi wanda ke yanke kuɗin tafiya da wanda ke da ikon tsayar da kai daga aiki.

Mu fara da mai, tunda shi ne ke cin kaso mafi tsoka tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Keke mai lafiyayyen inji, Bajaj RE ko TVS King, injinsa bai wuce cc 200 da 'yan kai ba, tankinsa kusan lita 8, kuma a cikin gari yakan yi kilomita 25 zuwa 30 da lita guda. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 takan yi kilomita 9 zuwa 11 da lita guda a cikin gari, idan an kunna na'urar sanyi aka kuma shiga cunkoson Kasuwar Gumi abin ya ƙara sauka. Wato duk kilomitar da motar ta taka ta sha kusan ninki uku na abin da keke ya sha. Fasinjan manhaja kuwa yana ganin haƙƙinsa ne a kunna masa sanyi, musamman a Maris da Afrilu.

Sai kilomitocin da ba mai biyan su, kuma nan ne sababbin direbobi ke ruɗuwa. Ga misali, ka sa farashin yau a gurbin nawa. A ce manhaja ta yanke naira 3,500 a kan tafiyar kilomita 10. Kafin ka kai wurin fasinja ka yi kilomita 4 ba kowa a mota. Ka sauke shi a wani lungu na Millennium City inda ba mai kira, ka dawo cikin gari wasu kilomita 6 fayau. Jimla kilomita 20, lita 2 ke nan. Idan lita tana naira 900, mai ya ci 1,800. Idan kamashon kamfani kashi 20 ne cikin ɗari, an cire 700, kuma daga cikin 3,500 ɗin gaba ɗaya ake cirewa, ba daga abin da ya rage bayan mai ba. Saura 1,000. A cikin dubun nan za a fitar da data, da baƙin mai, da taya, da bashin motar, sannan cefanen gida. Mai keke da ya yi wannan kilomita 20 bai ƙona lita guda ba, kuma zai yi wuya ya tafi ko ya dawo wayam: yana sauke ɗaya a Unguwar Sarki yana ɗaukar wani, kujera guda tana iya biya sau uku a layi ɗaya. Kuɗinsa ƙanana ne amma ba sa yankewa.

Wa ke yanke farashi? A keke, farashin layi sananne ne, kuma idan mai ya tashi da safe, kafin la'asar direbobin layin sun ƙara naira hamsin ko ɗari, fasinja ya yi ƙorafi ya biya. Idan shata ce, ciniki ne tsakaninka da mutum ido da ido. A manhaja kuwa kwamfuta ce ke haɗa abu uku: kuɗin tashi, kuɗin kowace kilomita, da kuɗin kowane minti, sannan ta ninka idan masu kira sun fi motoci yawa, kamar lokacin da ruwa ya sauko ko jirgin ƙasa ya iso Rigasa. Waɗannan alƙaluma kamfani ne ke sa su, shi ke sauya su, kuma ba ya yin hakan a ranar da gidan mai ya sauya nasa. Bolt kamfani ne na ƙasar Estoniya, an kafa shi a 2013, a da ana kiransa Taxify, ya shigo Najeriya a 2016. Uber ɗan Amurka ne, ya fara a Legas a 2014. Burin kowannensu shi ne fasinja ya ga araha don kada ya koma wa abokin gasa, kuma arahar daga aljihun mai mota take fita, domin kamfani ba ya sayen mai, ba ya sayen taya. Shi ya sa a Yunin 2023 ƙungiyar direbobin manhaja ta ƙasa, AUATON, ta shiga yajin aiki tana neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho. Akwai inDrive, wadda ta bar fasinja ya faɗi farashi direba ya karɓa ko ya ƙara. Wannan ya fi kusa da cinikin da muka saba, sai dai idan direbobi sun yi yawa a wuri, mai tsananin buƙata ne ke karya farashin.

Kada a ce kamasho abu ne da ba a iya taɓawa. Kenya ta sa doka a 2022 cewa kada ya wuce kashi 18. A Tanzaniya hukuma ta ƙayyade shi a kashi 15 a shekarar, Uber ta dakatar da aiki a ƙasar. Wannan ya nuna abu biyu: gwamnati na iya ja wa kamfani birki, kuma kamfani na iya tattara nasa ya nasa ya tafi ya bar masu motoci da bashi. A Legas ma, da gwamnati ta hana acaba a manyan tituna a Fabrairun 2020, kamfanonin babur na manhaja irin su Gokada da ORide sun durƙushe a harkar ɗaukar fasinja cikin 'yan watanni.

Shi ma keke yana da masu iko a kansa, ba zan ɓoye maka ba. Akwai tikitin ƙungiya na kullum, akwai jami'an KASTLEA masu kula da dokokin hanya a kan titi, akwai hukumar kula da sufuri ta jiha, KADSTRA, da sharuɗɗanta. A 2021 an hana kekuna bin babban layin da ya taso daga Kawo ya bi titin Ali Akilu da Ahmadu Bello Way, kuma irin wannan hukunci na iya zuwa a kowane lokaci ya raba ka da layin da ya fi kawo kuɗi. Ga kuma bas-bas masu iskar gas da gwamnatin jiha ta fito da su a 2025, suna kwasar fasinjan manyan layuka. Saboda haka kafin ka sayi keke, je ka tashar layin da kake so, ka tambayi shugaban reshe kuɗin shiga, da na tikiti, da titunan da aka hana a halin yanzu. Amma duba bambancin. Idan aka kama kekenka, akwai ofis, akwai mutum, akwai shugaban ƙungiya da zai bi ka a yi magana. Idan manhaja ta rufe asusunka saboda taurarin da fasinjoji ke ba ka a matsayin maki sun sauka, ko fasinja ya kai ƙara, ko ka yawaita ƙin karɓar kira, saƙo kawai za ka gani a waya, amsa kuma takan zo ne a rubuce daga wanda ba ka taɓa gani ba. A wurin kamfani kai ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa, don haka ba sallama, ba fansho, ba hutun jinya. A Ingila sai da aka kai Kotun Ƙoli, a 2021 ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi. Mu a nan abin da ya fi kusa da hannu shi ne dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum damar neman bayanan da kamfani ke riƙe da su a kansa, da ƙin amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke. Direban da aka rufe wa asusu ya kamata ya rubuta ya nemi mutum ya sake duba lamarin, ya kuma ajiye hoton kowane saƙo.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani tun farko. Yawancin fasinjan Kaduna tsabar kuɗi ko tiransifa suke biya kai tsaye ga direba. Kamashon kamfani sai ya riƙa taruwa a matsayin bashi a asusunka. Direba yana ganin kuɗi cike da aljihu, ya kashe, ƙarshen mako ya tarar bashi ya kai iyakar da za a daina turo masa kira. Maganinsa a ware kason kamfani bayan kowace tafiya. Kuma kada fasinja ya fita sai ka ga kuɗin a cikin manhajar bankinka, domin saƙon alat ana ƙirƙirar na bogi. Wannan gargaɗi ya shafi mai keke ma.

Waya a aikin manhaja tamkar giya take a mota, in ta ƙi, komai ya tsaya. Ana buƙatar wadda ke da RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin waya, aƙalla gigabait 4, domin manhajar direba da taswira suna aiki tare, ƙaramar waya kuwa takan kashe ɗaya a ɓoye, kira ya wuce ka ba ka ji ba. A kashe tsarin tattalin batir a kan manhajar. Kada a manna waya a gilashin gaba da tsakar rana: zafi na sa ta rage haske, ta daina caji, wani lokaci ta rasa inda take a taswira, tafiyar da aka lissafa sai ta fito gajeriya, kuɗi ya ragu. A maƙala ta a bakin iskar sanyi, a sa caja mai ƙarfin amfiya 2 ko sama, a riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Taswirar ma ba ta san lungunan Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki kamar yadda ta san Unguwar Rimi da Malali ba, alamar fasinja takan faɗa bayan layi, sai an kira shi ya kwatanta da masallaci ko makaranta, kuma katin kiran naka ne. Mu tuna kuma a ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar nan har kusan wata biyu saboda tsaro. Aikin da ya dogara da sabis yana tsayawa cak a irin wannan hali.

Gyara ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke yawan lalacewa a keke shi ne wayar kuloci, wayar giya, filogi, birki da robobin shaf, duk ana samunsu a gari, makanike ya gama a sa'a ɗaya ko biyu. A canza baƙin mai a kan lokaci, a wanke matatar iska sau da yawa a lokacin hunturu saboda ƙura na cinye inji. Corolla tana da juriya, injinta sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, baƙin mai kusan lita 4 duk kilomita 5,000. Amma motar da ta haura shekara 15 tana aiki sa'a goma a rana za ta nemi shoka, da ƙafafuwa, da kwamfiresan sanyi, kuma ranar da giyar otomatik ta fara zamewa, ribar wata da watanni ce za ta tafi, bashin kuma ba ya jira.

To ina mota ta fi? Ta fi a tafiyar filin jirgin sama, da tashar Rigasa, da kai marar lafiya Barau Dikko ko asibitin 44 cikin dare, da damina, da kwasar 'yan biki daga Barnawa zuwa Kawo. Ta fi kare direba daga rana da hatsari, domin keke ba shi da ƙofa ba shi da bel, kuma ba ya jure karo da tirela a titin Nnamdi Azikiwe. Manhaja na riƙe sunan fasinja da hanyar da aka bi, akwai maɓallin neman agaji, abin da mai keke ba shi da shi idan baƙo ya yi shatarsa zuwa bayan gari da magariba. Wannan kariya tana ɓacewa da zarar ka yarda a soke tafiya a manhaja a yi ta a gefe don guje wa kamasho.

Idan motar taka ce ba bashi, lissafin ya sauya. Ka tabbatar da lasisi, inshora da takardun mota, ka duba shekarar motar da kamfani ke karɓa a Kaduna kafin ka biya dillali, ka yi rajista da manhaja fiye da ɗaya idan akwai, ka kuma nemi kwastomomi na dindindin ta wajen 'yan uwa da maƙwabta, kamar kai yara makaranta da ɗaukar ma'aikata, domin su ne za su riƙe ka ranar da kira ya yi ƙaranci. Mayar da mota ga iskar gas na rage kuɗin mai sosai, amma tukunyar tana cin rabin but, sai kuma ka fara auna nisan gidan gas daga unguwarku da tsawon layinsa. Ko keke ko mota, a sa na'urar bin sawu a wurin da ba a gani tun ranar farko, a kuma rubuta lambar inji da ta shasi a ajiye a gida.