Wace hanya za ka zaɓa a bincikenka don jin ta bakin masu naƙasar fahimta?

Hira baki da baki ita ce mafi arha, na'urar naɗar murya kawai take buƙata. Sai dai tun farkon shekarun 1980 masu bincike suka lura cewa da yawa daga masu naƙasar fahimta kan ce "eh" ga tambayar eh ko a'a, ko su ɗauki zaɓin da aka ambata a ƙarshe, wani lokaci don tambayar ta yi nauyi, wani lokaci don gudun saɓa wa mai tambaya. In hirar za ka yi, gajarta ta, ka koma sau biyu ko uku.

Tattaunawar rukuni tana da sauri, amma mai baki kan danne mai shiru.

Ni Talking Mats na fi yarda da ita. Joan Murphy ce ta ƙirƙiro ta a Jami'ar Stirling da ke Sikotlan a 1998. Ana ba mutum katunan hoto ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye kowanne a kan shimfiɗa ƙarƙashin alamar "ina so", "ban tabbata ba" ko "ba na so". Amsarsa tana gabansa, yana ganinta, yana iya sauya ta, ko da maganarsa kaɗan ce. Za ka biya kuɗin horo da na katunan. Rauninta kuwa, kai ne ka zaɓi hotunan, don haka ka riƙe katuna marasa komai domin abin da bai zo maka a rai ba.

Wannan giɓin Photovoice ke cikewa. Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara ta da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a shekarun 1990. Mutum ya riƙe kyamara, ya ɗauki hoton abin da ya dame shi, sannan ya yi bayani. Tana cin makonni, sai an nemi izinin duk wanda ya fito a hoto, kuma a kula kada mai taimako ya karɓe kyamarar.

Tambayar iyaye ko masu kula a madadin mutum ra'ayinsu take kawowa, kuma abin yana damuna in aka rubuta shi da sunan wanda ba a tambaya ba.

Kowacce ka zaɓa, sa albashin abokan bincike masu naƙasar a kasafinka, ka rubuta takardar amincewa da sauƙin harshe da hotuna, ka sake neman yardar mutum a kowane zama.