Sun iya buga hoto, amma kada ka bar musu tsohon kaya

Maficin gashin dawisu ne na marigayi kakanmu, tun daga Argungu. Asu ya fara cin gefensa, shi ne na ce a ɗauke shi hoto a buga babba, mu rataya a falo, shi kuma ya koma akwati. Na kai wani shagon buga hotuna a nan Birnin Kebbi, kuɗin da suke yanka kuwa kowa ya sani.

Bugun farko abin takaici. Idon nan na jikin gashin dawisu da ke juyawa daga shuɗi zuwa tsanwa zuwa ruwan zinari in ka karkata shi, ya fito kamar an jiƙa tsumma a bula. Mai shagon bai yi gardama ba. Ya ce, "Alhaji, wannan launin ba rini ba ne. Ƙirar silin gashin ce ke karya haske, shi ya sa yake sauyawa. Injina tawada huɗu gare shi, kuma tawada ba ta motsi." Ya sake ɗauka da hasken taga daga gefe, ba filasha, ya buga a takarda mai ƙyallin azurfa. Wannan kam ya burge ni. Launin bai juyawa, amma da hantsi idon yana ɗaukar ido, har Hajiya ta kai hannu za ta shafa. Na so in ce kowa ya je.

Sai da na buɗe ledar mafici a gida raina ya ɓaci. Ashe yaron shagon ya fara danne shi da murfin sikana kafin maigidansa ya iso. Gashi uku sun karye daga tushe, ɓurɓushi cike da leda, zaren da kaka ya ɗaure da hannunsa ya tsinke. Kayan gashin tsuntsu fa ba ya son ko girgiza. Wata tsohuwar hular gashin tsuntsu ta ƙasar Meziko da ke gidan tarihi a ƙasar Ostiriya, a 2012 masana suka ce tafiya kaɗai za ta lalata ta, ita da ke hannun ƙwararru. Nawa kuwa an matse shi da murfi.

Da na koma, wai "Baba, a yi haƙuri, ai dama ya tsufa." Ni ban san ya tsufa ba? Ko sisi ba a rage mini ba, firem ɗin ma kusurwa ɗaya ba ta haɗu ba. In za ka kai musu irin wannan, ka tsaya a kansu har su gama.