Ciwon kafaɗa: allurar sitiroyid ko gashin ƙashi?

Wanda kafaɗa ta hana shi ɗaga hannu ya yi kabbara, ko ta tashe shi cikin dare don ya juya a kanta, abin da zai fara tambaya shi ne allura. Ban ga laifinsa ba. Amma kafin ka miƙa kafaɗarka, ga abin da kuɗinka zai saya.

Allurar sitiroyid, irin su Kenalog da Depo-Medrol, kumburi take kwantarwa. Cikin 'yan kwanaki za ka ji sauƙi, har ka sa riga ba tare da cije leɓe ba. Matsalar ita ce ba ta ɗinke jijiyar da ta ji rauni. Jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da kan ƙashin kafaɗa, kuma idan aka yawaita allurar, zarensu yakan yi laushi, ya fi saurin yagewa. Shi ya sa likitoci ba sa son a wuce sau 3 a shekara, kuma da tazarar watanni. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 708, aka fitar a 2021, ya nuna allurar ta ɗan taimaka a mako 8 na farko, amma bayan shekara ba a ga bambanci tsakanin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Mai ciwon suga ya kula sosai, domin tana ɗaga suga na wasu kwanaki.

Gashin ƙashi sai mai haƙuri. Watanni za ka yi kana atisaye, kana jan roba, kana hawa bango da yatsu. Amma shi ne ke ƙarfafa naman da ke ɗauke wa jijiyar nauyi, kuma akasarinsa a gida za ka yi idan an koya maka. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashensa.

Ƙwayoyi irin su diclofenac sun fi araha, sai dai daɗewa a kansu na taɓa ciki da ƙoda.

Ni dai shawarata, a fara ganin likita, in ya ga dama a yi hoto a tabbatar ko jijiyar ta yage. Idan zafi ya hana ka atisaye ko barci, allura ɗaya tana da amfani, musamman ga kafaɗar da ta sandare. Amma a asibiti za a yi ta, ban da kemis, kuma ka fara gashin tun sauƙin bai gushe ba.